Auna Cikin Gini da Kyamarar 360 da Na'urar Leza: Tambayoyi da Amsoshi ga Masu Gidaje da Magina a Kaduna

Gidaje da yawa a Kaduna ba su da zane. Wasu an gina su ne ɗaki bayan ɗaki gwargwadon yadda kuɗi ke shigowa, wasu kuma suna da zane amma magini bai bi shi ba. Sai ranar da aka tashi gyara, ko sayarwa, ko rabon gado, a fara neman sanin ainihin abin da ke tsaye a ƙasa. Ga tambayoyin da masu gida da dillalai da 'yan kwangila suka fi yi a kan na'urorin da ake wannan aiki da su.

Kyamarar 360 da sikanar leza ba abu ɗaya ba ne?

A'a, kuma a nan ake yawan asarar kuɗi. Kyamarar 360, irin su Ricoh Theta Z1 ko Insta360 X4, tana da ido biyu, ɗaya gaba ɗaya baya. Kowane ido yana ganin fiye da rabin kewaye, sai na'urar ta ɗinke hotunan biyu su zama ɗaya mai nuna bango huɗu da sili da daɓe. Launi da haske take ɗauka. Ba ta san nisan komai ba.

Sikanar leza kuwa awo take yi. Takan harba haske ga bango, ta lissafa nisansa, ta rubuta wurin a matsayin ɗigo guda mai tsawo da faɗi da bisa. Tana yin haka sau dubbai ɗaruruwa a daƙiƙa ɗaya tana juyawa, har ɗigogin su taru su fitar da siffar ɗakin. Wannan tarin ɗigogi shi ne asalin abin da ake biya wa kuɗi, hoton da ke kansa ado ne.

Amma ai akwai masu fitar da zanen gida daga hoton 360 kaɗai?

Akwai, kuma lissafi ne mai kyau idan an san iyakarsa. Manhajar tana dogara ne da tsayin kyamara daga ƙasa. Idan kyamara tana kan mita 1.5, kuma layin da bango ya haɗu da daɓe ya bayyana digiri 45 ƙasa da saitin ido, to bangon yana nisan mita 1.5. Daga nan ake lissafa sauran.

Matsalar guda biyu ce. Ta farko, duk kuskuren da aka yi a tsayin kyamara yana bin zanen gaba ɗaya. In ainihin tsayin 1.50 ne aka rubuta 1.55, bango mai mita 6 zai fito mita 6.20. Ta biyu, kuskure na ƙaruwa da nisa. Karkatar rabin digiri kacal tana kawo bambancin kusan santimita 4 a bangon da ke mita 2, amma a bangon da ke mita 10 sai ya kai kimanin santimita 60. Shi ya sa hanyar ke yin kyau a ɗakin kwana, ta kuma ba da kunya a ɗakin taro ko sito. Ga kuma kujeru da gado da suke rufe gindin bango, manhaja sai ta yi ƙiyasi.

Yaya leza take sanin nisa?

Haske na tafiyar kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa guda. Bango mai nisan mita 3, zuwa da dawowa mita 6 ke nan, hasken zai ci kashi 20 cikin biliyan ɗaya na daƙiƙa. Na'urar tana da agogon da ke iya ƙirga wannan. Wasu nau'o'in ba lokaci suke ƙirgawa kai tsaye ba, suna kwatanta zangon hasken da ya fita da wanda ya dawo ne. A cikin na'urar akwai ɗan madubi da ke juyawa sama da ƙasa, gangar jikinta kuma tana juyawa hagu zuwa dama, don haka take share ko'ina ban da ɗan da'irar da ke ƙarƙashin ƙafafunta.

Wanne ya dace da aikina?

Ka fara da tambayar kanka: me za a yi da zanen?

Idan gidan haya ne a Barnawa ko Malali kake so mai nema ya zagaya shi a waya kafin ya zo, kyamarar 360 ta wadatar, a haɗa da na'urar awo ta hannu irin Bosch GLM ko Leica Disto a rubuta girman kowane ɗaki. Haka ma wanda ke ƙasar waje yana gini a Millennium City yana son ganin inda aka kai duk wata: hoton 360 ya fi bidiyon da ɗan'uwa zai ɗauko masa, domin bidiyo abin da mai ɗauka ya zaɓa yake nunawa, hoton kewaye kuwa ba ya ɓoye kusurwa.

Idan kuwa za a fasa bango, ko ɗora bene, ko yanka gilashi da alminiyom, ko kafa injina a tsohuwar masana'anta irin na Kakuri, to sikana mai ƙafa uku ake so. Leica BLK360 ta farko tana ɗaukar ɗigo 360,000 a daƙiƙa, tana kai mita 60, kuskurenta kimanin milimita 6 a nisan mita 10. Babbar yayarta RTC360 tana kai ɗigo miliyan 2 a daƙiƙa. FARO Focus da Trimble X7 duk 'yan wannan aji ne. Matterport Pro3 tana tsakani: hotonta na da kyau, amma kuskurenta ya kai santimita 2 a mita 10, wanda ya isa zanen ɗakuna amma bai isa yankan ƙarfe ba.

Akwai kuma sikanar da ake riƙewa a hannu ana tafiya da ita. Tana da sauri ƙwarai a asibiti ko makaranta mai ɗakuna da yawa, kuskurenta santimita 1 zuwa 3. Sharaɗinta shi ne a ƙare tafiya a inda aka fara, don manhajar ta gane wurin ta gyara zamewar da ta taru a hanya.

Wayata iPhone ce mai leza. Ba za ta yi ba?

Za ta yi wani abu. Apple ya fara saka wannan ido a iPad Pro a 2020, sannan a iPhone 12 Pro da masu sunan Pro da suka biyo baya. Iyakar ganinsa kamar mita 5 ne. Da manhaja irin Polycam ko magicplan za ka fitar da zanen ɗaki ɗaya cikin 'yan mintuna, kuskure santimita kaɗan. Wannan ya isa lissafin fenti ko tayil: ɗaki ƙafa 12 da 12 murabba'in mita 13.4 ne, yana cin tayil mai 60 da 60 guda 38, a ƙara kashi goma cikin ɗari na yanka da fashewa. Kuskuren santimita 5 a kowane gefe bai wuce tayil ɗaya ba.

Inda waya ke gazawa shi ne gida sukutum. Tana bin sawun motsinta ne daga ɗaki zuwa ɗaki, ƙananan kurakurai na taruwa, kafin ka zagayo ƙofar falo sai ka ga bangon ya rabu biyu a zane. Ka ɗauki ɗaki ɗaya-ɗaya, ka tafi a hankali, ka gwada da tef.

Me mai gida zai shirya kafin masu aiki su iso?

A buɗe duk ƙofofin ciki a tokare su da wani abu, su tsaya a yadda suke har a gama. Ƙofar da take buɗe a ɗauka ta farko, rufe a ta biyu, tana rikitar da manhaja. A kashe fankoki. A ɗaure labule don kada iska ta riƙa kaɗa shi. A nemo makullin kowane ɗaki, har sito da ɗakin mai gadi da banɗakin baya, domin ɗaki ɗaya da aka tsallake rami ne a tsakiyar zane, kuma dawowa saboda shi kuɗi ne. Kayan da suka rufe kusurwar ɗaki a ɗan janye su idan da hali. Kusurwa ita ce abin da mai zane ya fi nema. Yara da kaji da kyanwa a tsare su gefe guda.

Yaya aikin yake tafiya a ranar?

Ana fara zagaya gidan da ƙafa, a yi ɗan zane a takarda, a sa wa kowane ɗaki lamba, a tsara hanyar da za a bi. Sannan a kafa na'urar a kan ƙafa uku, tsayin kamar mita 1.5, a tabbata ba ta karkace ba. Mai aiki ya danna daga waya ko kwamfutar hannu, ya ɓuya bayan bango har ta gama juyawa. Kowace tsayawa tana cin daga daƙiƙa 20 zuwa mintuna 3, gwargwadon na'ura da yawan ɗigogin da aka zaɓa.

Ƙa'idar da ba a karyawa ita ce kowace tsayawa ta ga wani ɓangare na abin da ta baya ta gani, aƙalla kashi ɗaya cikin uku. Don haka ake tsayawa kafin ƙofa, a tsaya a bakinta, a sake tsayawa bayan an shiga. Da kyamarar 360 ko Matterport ana barin mita 1.5 zuwa 2.5 tsakanin tsayawa. Babbar sikana tana iya yin tsalle mai nisa a fili, amma a lungu ita ma sai ta matso. Kada a kafa kusa da bango ƙasa da mita ɗaya, domin hasken da ya goga bango a kaikaice awonsa ba shi da tabbas. Gida mai ɗaki uku da falo yakan ci tsayawa 25 zuwa 40 idan an haɗa da waje.

Kafin a naɗe kaya, a ɗauki awo biyar ko shida da na'urar hannu: tsawon falo, tsawon baranda, daga daɓe zuwa sili, faɗin ƙofar shiga. A rubuta su a takarda. Su ne shaidun da za a gwada aikin da su daga baya.

Me ya fi ɓata aikin?

Madubi ne kan gaba. Leza ba ta san madubi ba. Hasken ya doke shi ya karkata ya je ya taɓa bangon da ke bayanka, sai na'urar ta rubuta cewa akwai wani ɗaki a bayan madubin. Wanda bai lura ba zai zana ɗakin da babu shi. Maganinsa a rufe madubi da zane ko takarda, ko a yi masa alama a manhaja tun a wurin. Ɗakin amarya ya fi ko'ina wannan wahala: madubin gado, madubin durowa, kabad ɗin gilashi, ga jeren kwanuka masu sheƙi.

Gilashin taga haske na ratsa shi, ya ɗauko bishiya da katangar maƙwabci, wani lokaci ya bar ɗigogi suna shawagi a iska. Tayil mai ƙyalli da aka goge yanzu yana yin rabin aikin madubi, a ga ɗigogi sun nutse ƙarƙashin daɓe. In an yi mofin, a bari ya bushe. Baƙin abu, kamar baƙar kujerar fata ko allon talabijin, yana shanye hasken ya bar rami.

Akwai kuma wata matsala da ba a ganinta sai an koma ofis. Doguwar baranda ta makaranta ko otal mai ƙofofi iri ɗaya a jere, ko matakala mai tudu iri ɗaya: manhaja tana haɗa tsayawa da tsayawa ne ta hanyar kamanni, to idan ko'ina ya yi kama da ko'ina sai ta ɗora ƙofa ta uku a kan ta huɗu, barandar ta gajarce da mita uku babu wanda ya sani. Ana hana wannan da manna takardu masu baƙi da fari kamar dara a bango, kowace da lambarta, ko ajiye fararen ƙwallaye na musamman, aƙalla uku da tsayawa biyu za su gani tare, kuma kada su jeru a layi ɗaya.

Yanayin Kaduna yana shafar aikin?

Sosai. Lokacin hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ƙura tana kwanciya a kan madubin sikana da idon kyamara, ta rage ƙarfin hasken da ke dawowa. A hure ta da ɗan famfon iska kafin a goge, domin gogewa a kan ƙura karce ne, kuma idon kyamarar 360 a bulluƙe yake, karce ɗaya zai bayyana a kowane hoto. Gidan da ake cikin yi wa filasta ko yankan tayil a bari ƙurar ta lafa.

A Maris da Afrilu zafi ne abin tsoro. Yawancin waɗannan na'urori iyakar aikinsu digiri 40 ne, kuma cikin motar da aka rufe a rana ya wuce haka nesa. Rana mai ƙarfi tana makantar da na'urori masu amfani da hasken da ido ba ya gani a gajeren zango, irin Matterport Pro2 da idon iPhone, don haka tsakar gida a ɗauke ta da sassafe ko bayan La'asar. Da damina kuma ruwan da ya kwanta a tsakar gida madubi ne.

Wutar lantarki ba ta dami leza ba, tana awo ko a duhu. Hoto ne ke bukatar haske, kuma haske iri ɗaya daga farko har ƙarshe. Idan wuta ta ɗauke a tsakiyar aiki rabin gidan zai fito fari, rabi ja. Gara a tada janareta tun farko. A zo da batir biyu ko uku cike.

Daga tarin ɗigogi, yaya ake kai wa ga zanen da magini zai karanta?

Da farko a haɗa tsayawar duka su zama jiki ɗaya, da manhaja irin Leica Cyclone, FARO Scene ko Autodesk ReCap. CloudCompare kyauta ce ga mai koyo. Manhajar tana ba da rahoton kuskuren haɗi, kuma a gidan zama ya kamata ya tsaya a 'yan milimita. Sannan a share abin da ba gini ba: mutane, ɗakunan bogi na madubi, bishiyoyin da suka leƙo ta taga.

Bayan haka a yanka ginin a kwance, kamar an datse shi da wuƙa a tsayin mita 1.2 daga daɓe. An zaɓi wannan tsayi ne don yana ratsa tagogi da ƙofofi gaba ɗaya, yana kuma sama da yawancin kujeru. Abin da ya fito shi mai zane zai bi da layi a manhajar zanen gini irin AutoCAD ko Revit. Mutum ne ke wannan aiki, kuma yakan ɗauki lokaci fiye da ɗaukar kanta. A nan ne ake yanke shawara mai muhimmanci: a miƙar da bangon da ya karkace don zane ya yi kyau, ko a bar shi a yadda yake? In don talla ne, a miƙar. In kafinta ko mai alminiyom zai yi aiki da shi, lallai a bar karkatar, kuma ka faɗi haka tun kafin a fara.

Na'urar tana ganin cikin bango? Rodi, bututu, waya?

Ba ta gani. Fuskar abu kaɗai take aunawa. Kaurin bango ma sai an ɗauki ɓangarorinsa biyu an haɗa sannan yake fitowa: bulo inci tara da filasta yakan ba da santimita 25 zuwa 26, inci shida kuma kusan 18. Wannan yana nuna alamar wane bango ne zai yiwu yana ɗauke da nauyi, amma alama ce kawai. Ginshiƙin da aka binne cikin bulo, da zurfin harsashi, da abin da ke saman silin POP, duk sai injiniya ya bincika da nasa kayan. Kada kowa ya ɗora bene a kan shaidar sikana.

Ta yaya zan san zanen da aka ba ni daidai ne?

Ɗauki tef ka auna abu uku da kanka: bango mafi tsawo a gidan, faɗin wata ƙofa, da kusurwa zuwa kusurwa na ɗaki ɗaya. Wannan na ƙarshe shi ke tona asiri. Ɗaki mai mita 3 da 4 in kusurwoyinsa daidai suke, tsallakensa mita 5 ne cif, kuma tsallake biyun dole su zo ɗaya. In tef ɗinka ya nuna sun bambanta amma zane ya nuna ɗaki santal, an miƙar maka da bango. Gidan bene kuma a ɗora zanen sama a kan na ƙasa, matakala da bangon waje su hau kan juna.

Zan iya kai wannan zane KADGIS ko KASUPDA?

Zanen cikin gida daban, taswirar fili daban. Abin da ya shafi iyakar fili da takardar mallaka aikin safiyo ne mai rajista da SURCON, hukumar rajistar safiyoyi ta ƙasa, kuma KADGIS ce ke riƙe da rajistar filaye a jihar. Izinin gini ko na sauya fasalinsa a hannun KASUPDA yake, hukumar tsara birane ta jihar, kuma zanen da za a kai can yana bukatar hatimin mai zanen gine-gine mai rajista da ARCON da injiniya mai rajista da COREN, wato hukumomin ƙasa da ke yi wa masu waɗannan sana'o'i rajista. Aikin sikana shi ne ba waɗannan ƙwararru ainihin awon abin da ke tsaye, su ɗora nasu a kai. A rabon gado ma yana taimakawa wajen sanin girman kowane sashe, amma ba shi ke yanke ƙima ko rabo ba.

Gidan da iyali ke ciki fa? Ba ma son a ga matanmu da kayanmu a intanet.

Wannan damuwa ce ta gaskiya, kuma mai aikin da ya raina ta bai cancanci shiga gidanka ba. Kyamarar 360 ba ta da baya. Duk wanda ke ɗakin ya shiga hoto, haka hotunan bango, da takardun da ke kan tebur, da inda akwatin kuɗi yake, da irin makullin ƙofa. A sa lokaci, mata su koma wani sashe, a ɗauki wannan, sannan a yi musanya. Inda maigida ya fi so, mace mai aikin ko wani ɗan gida zai iya shiga da na'urar, tunda dannawa daga waya ake yi.

Idan zane kawai ake so, a ce a kashe ɗaukar hoto, leza ta yi awonta babu launi. Ka kuma tambaya a ina za a ajiye bayanan, domin wasu manhajoji sai sun tura komai zuwa rumbun kamfaninsu a ƙasar waje kafin su sarrafa. Dokar kare bayanan sirri ta Najeriya ta 2023 ta ba ka haƙƙin sanin haka da neman a goge. Gidan da za a tallata, a ɗauke shi bayan an kwashe kaya. Kusa da barikin soja ko wani wurin tsaro, wanda Kaduna ke da su da yawa, kada a kafa na'ura a waje sai da izini a rubuce.

Hasken yana cutar da ido?

A ma'aunin haɗarin hasken leza, manyan sikanoni da aka ambata a nan 'yan aji na 1 ne, ba sa cutarwa a aikin yau da kullum. Na'urar awo ta hannu mai jan ɗigo 'yar aji na 2 ce: kada a haska wa kowa ita a ido, kada a bar wa yara.

Ginin ƙasa irin na da yana aunuwa?

Nan ne ma leza ta fi nuna darajarta. Soron ƙasa irin na cikin birnin Zariya ba shi da bango miƙaƙƙe ko ɗaya: gindinsa kauri, samansa siriri, rufin kuma a kan baka yake, ɗaurin guga ko tuluwa. Tef ba zai iya kwatanta wannan lanƙwasa ba, sikana kuwa tana kama ta har da zanen da magini ya yi a fuskar zaure. Ƙasa ba ta ƙyalli, don haka ɗigogin suna fita tsaf. A yanka irin wannan gini a tsayi biyu ko uku, a kuma yanka shi a tsaye. In an sake ɗauka bayan damina aka ɗora a kan ta farko, za a ga inda bango ya zaizaye ko baka ta fara sauka.

Me zan ce a ba ni idan an gama, kuma yaya ake yanka farashi?

Farashi yana bin girman wurin a murabba'in mita, da yawan ɗakuna da hawa, da irin abin da za a miƙa. Sito mai faɗi ya fi sauƙi a kan gida ƙarami mai lunguna, kuma cikakkiyar siffar gini mai tsawo da faɗi da bisa a Revit ta fi zanen shimfiɗa tsada nesa ba kusa ba. A rubuta a yarjejeniya iyakar kuskuren da aka yarda da shi, da ko awon daga fuskar filasta ne.

Ka karɓi zanen a PDF don bugawa, da ma'auni 1:50 ko 1:100 a rubuce a jikinsa, da DWG, wato fayil ɗin AutoCAD, don mai zane ya iya gyarawa. Ka nemi tarin ɗigogin a nau'in fayil mai suna E57, domin kusan kowace manhaja tana buɗe shi, ba ka ɗaure da kamfani ɗaya ba. Fayil ɗin yakan kai gigabayit da dama, don haka ka zo da filashi ko ma'ajiyar waje maimakon jiran intanet. Zagayen 360 kuwa yawanci a kan rumbun kamfani yake zaune da kuɗin wata-wata. Ranar da aka daina biya mahaɗin ya rufe. Ka ce a ba ka ainihin hotunan ɗaya bayan ɗaya, kowanne da lambar ɗakinsa.